Shin tatsuniya tana gina harshen yaro, ko kewar zamanin da ce ke damunmu?

Malama Ƙofar Doka
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina koyar da aji biyu a wata makarantar firamare a cikin birnin Zariya, kuma akwai abin da ya daɗe yana damuna wanda nake so masana da iyayen da ke nan su haska mini. Yawancin ɗalibaina suna da kaifin hadda, za su kawo waƙar da aka koya musu daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, amma idan na ce wa yaro ya ba ni labarin abin da ya faru a gidansu ranar suna ko ranar hawan Sallah, sai ya faɗi jimla biyu ko uku marasa haɗi ya yi shiru. Akwai 'yan kaɗan da suka bambanta, waɗanda za su faɗi wanda ya zo, da abin da ya faru, da dalilin faruwarsa, da yadda aka ƙare, kuma da na bincika sai na tarar mafi yawansu suna zaune da kaka ko gwaggo mai yi musu tatsuniya da dare. Shin akwai binciken ilimi da ya nuna cewa tatsuniya tana haɓaka harshen yaro, ko dacewa ce kawai na gani?

Baban Zahra, Tudun Wada
Wa alaikumus salam Malama. Ina ganin ya kamata a yi hattara, domin gidan da ke da kaka mai lokacin yin tatsuniya gida ne da ake yawan hira da yara tun asali, kuma mai yiwuwa ana kula da cinsu da barcinsu fiye da wani gidan. Ta yaya za mu raba tasirin tatsuniyar da tasirin gidan baki ɗaya?

Dakta Samaru
Tambayar Baban Zahra ita ce ainihin tambayar da masu bincike suka yi ta fama da ita. Tun a 1967 William Labov da Joshua Waletzky suka bayyana cewa cikakken labarin baka yana da gaɓoɓi: shimfiɗa da ke faɗin su wane ne, a ina, kuma yaushe, sai matsalar da ta taso, sai bayanin da ke nuna dalilin da ya sa labarin ya cancanci a saurare shi, sai warwara, sai rufewa. A 1983 Carole Peterson da Allyssa McCabe suka yi amfani da wannan ma'auni a kan labaran yara 96 a Amurka, suka ga cewa ɗan shekara 4 yakan yi tsalle daga wannan al'amari zuwa wancan ba tsari, ɗan shekara 5 yakan jera al'amura daidai amma ya tsaya a daidai inda labarin ya yi zafi, ɗan shekara 6 kuwa yakan kai labarin har warwararsa. Saboda haka, Malama, yaron aji biyu da bai iya haɗa jimla uku ba ya cancanci a kula da shi.

Game da raba tasiri, a 1999 Peterson da McCabe tare da Beulah Jesso sun yi gwaji a Kanada da iyalai 20 masu ƙaramin ƙarfi, suka raba su gida biyu. Rabin iyaye matan an koya musu su riƙa zama da yaro suna jan sa da hira a kan abin da ya wuce, suna yi masa tambayoyin da ba a amsa su da i ko a'a, suna kuma nuna masa ana sauraronsa. Bayan shekara guda yaran wannan rukuni sun fi sauran yawan kalmomi, bayan wata shekarar kuma sun fi su iya tsara labari. Adadin iyalan kaɗan ne, kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, amma a lura da cewa yaron ne mai ba da labarin a wannan gwaji, babban kuwa mai tambaya ne da sauraro.

Hajiya Kwarbai
Dakta, Allah ya yi maka albarka, abin da ka faɗa a ƙarshe shi ne abin da matasa ba su sani ba game da tatsuniyarmu. Ni na yi aikin koyarwa har na yi ritaya, kuma na tashi a gidan yawa. Ba zama ake yi tsohuwa ta yi ta zuba yara suna kallon bakinta ba. Bayan isha'i za a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kakarmu tana kaɗi da mazarinta, ba za ta fara ba sai ta ce "ga ta nan, ga ta nanku" mun amsa "ta zo mu ji ta", in akwai waƙa a ciki ita ta bayar mu mu amsa. Idan ta yi ɗaya ko biyu sai ta ce wance ta yi tata, a bi mu ɗaya bayan ɗaya har ƙaramin cikinmu. In ka tsallake wuri, 'yan'uwanka ne za su tare ka su ce ba haka aka yi ba, ai Gizo bai shiga gidan sarki ba sai da Ƙoƙi ta ba shi dabara, dole ka koma ka gyara. Kafin tatsuniyar ma akwai kacici-kacici, a ce "ƙulun ƙulufit" ka ce gauta, in ka kasa ka ba da gari. Duk wannan magana ce yaro yake yi a gaban masu sauraro da ba sa yi masa sassauci.

Abu Sumayya, Gyallesu
Ina girmama Hajiya, amma ina da ja. Gizo mayaudari ne, maƙaryaci, mai haɗama, kuma sau da yawa shi ke cin nasara. Idan manufar ita ce yaro ya iya magana da tsara labari, me ya hana a yi amfani da ƙissoshin Annabawa da tarihin Sahabbai, waɗanda gaskiya ne kuma akwai tarbiyya a cikinsu? Ni a gidana su nake ba yarana, kuma ban ga sun gaza a magana ba.

Malamin Zaure, Limancin Kona
Ɗan'uwa Abu Sumayya, abin da kake yi a gidanka alheri ne, Allah ya ƙara maka himma. Sai dai ina so ka duba wani bambanci da ya shafi tambayar Malama. Ƙissa ba a yarda yaro ya ƙara ko ya rage a cikinta ba, kuma haka ya kamata, don haka abin da take koya masa shi ne riƙon amana wajen isar da abin da ya ji. Tatsuniya kuwa fili ce da yaro zai ƙaga, ya sauya murya, ya saka wa kura magana a baki, ba tare da ya yi wa kowa ƙage ba, tun da mai yin ta yakan rufe da "ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya", kowa ya san almara aka yi. Uba yana da damar ya tace, ya bar wadda bai gamsu da ita ba, kuma idan Gizo ya yi ha'inci ya tsaya ya tambayi yaran ko abin da ya yi daidai ne.

Ɗalibin Harshe, Kongo
Allah ya gafarta Malam, ka taɓo abin da nake nazari a kai. Zan ƙara da ɓangaren nahawu, domin nan ne amfanin yake fitowa a fili. A 1994 Ruth Berman da Dan Slobin sun fitar da sakamakon wani babban aiki, inda aka ba yara da manya littafin hotuna marar rubutu, na wani yaro da karensa suna neman kwaɗon da ya gudu, aka ce kowa ya ba da labarin da bakinsa. An yi haka da masu Turanci, da Jamusanci, da Sifaniyanci, da Ibrananci, da Turkanci. 'Yan shekara 3 sun fi bayyana kowane hoto shi kaɗai, 'yan shekara 5 sun fara jera al'amura, 'yan shekara 9 kuma suna ɗaure labarin da dalili da manufa, kuma kowane yaro yana bin hanyoyin da harshensa ya tanada.

A Hausa abin da yaro yake buƙata ya ƙware a kai yana da yawa. Dole ya san inda ake cewa "sun tafi" da inda ake cewa "suka tafi", domin da na biyun ake jan zaren labari. Dole ya wuce "sai... sai... sai" ya kai ga "da ya isa", da "kafin ta dawo", da "ana nan ana nan", da "ashe", wadda ke nuna cewa mai labari ya san abin da tauraron bai sani ba. Ga amsa-kama irin su kwatsam da tsamo-tsamo da wuf. Hirar yau da kullum da ake yi da yaro, irin su zo nan, ɗauko wancan, ka ci abinci, ba ta cika buƙatar waɗannan ba, saboda abin da ake magana a kai yana gaban ido. A labari ne ake tilasta wa harshe ya ɗauki abin da ba ya nan, kuma irin wannan harshen ne littafin makaranta yake magana da shi.

Maman Khalil, Hanwa
Ni tambaya gare ni. Ɗana yana kallon zane mai motsi a waya, kuma ya tsinci Turanci mai yawa daga nan tun bai shiga makaranta ba. Su ma labarai ne masu farko da ƙarshe. Me ya sa ba za su maye gurbin tatsuniya ba, musamman ga irinmu da muke zaune mu kaɗai ba kaka a kusa?

Dakta Samaru
Maman Khalil, yaro yana tsintar kalmomi daga allo, wannan ba abin musu ba ne, musamman idan ya wuce shekara 3. Amma akwai bincike biyu da ya kamata ki sani. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington sun sa jarirai 'yan wata 9 na gidajen masu Turanci sun saurari Sinanci a zama 12. Waɗanda mutum ya zauna a gabansu yana yi musu magana sun koyi bambance sautukan harshen, waɗanda aka nuna wa bidiyo ko aka kunna musu murya kawai ba su koya ba. Wannan a kan jarirai ne da sautuka, don haka kada a shimfiɗa shi a kan kowane yaro. Na biyun ya fi kusa da shekarun ɗanki: a 2018 Rachel Romeo da abokanta sun yi nazarin yara 36 'yan shekara 4 zuwa 6 a Amurka, suka ga cewa yawan musayar magana tsakanin yaro da babba ya fi yawan kalmomin da yaron ya ji alaƙa da ƙwarewarsa a harshe, har da yadda sashen magana na ƙwaƙwalwarsa yake aiki lokacin da yake sauraron labari. Shawarata ita ce idan ya gama kallo ki ce ya ba ki labarin da Hausa, ki tambaye shi abin da ya sa wane ya yi kaza.

Baban Zahra, Tudun Wada
Dakta, na karɓi gwajin Kanada a matsayin amsar tambayata ta farko, amma ga wata. Duk binciken da aka ambata a nan an yi shi ne a kan yaran Amurka da Kanada da Turai da makamantansu, inda uwa da ɗanta suke zama su biyu suna hira ido da ido. Mu a nan akwai alkunya, uwa ba ta ko kiran sunan ɗan farinta, balle ta zaunar da shi a gaban surukai tana jan sa da hira. Kuma ana koya wa yaro kada ya sa baki idan manya suna magana. Idan aka auna gidajenmu da ma'aunin can, za a ce ba ma magana da 'ya'yanmu.

Malama Wusasa
Baban Zahra ya faɗi gaskiya, kuma irin wannan kuskuren an yi shi a can ma. A 1995 Betty Hart da Todd Risley sun buga sakamakon bibiyar da suka yi wa iyalai 42 a Kansas ta Amurka, daga nan aka samo maganar nan da ta yaɗu cewa ɗan talaka yana jin kalmomi miliyan 30 ƙasa da ɗan mai hali kafin ya cika shekara 4. A 2019 Douglas Sperry da Linda Sperry da Peggy Miller suka ƙalubalanci wannan, suka nuna cewa idan aka lissafa maganar duk mutanen gida, har da wadda yaro yake ji ana yi a gefensa, hoton yakan sauya. Tun kafin nan, a 1983, Shirley Brice Heath ta bayyana yadda yaran wata unguwar baƙaƙen fata ma'aikata a kudancin Amurka suke da gwanintar ƙaga labari a gaban jama'a, amma makaranta ba ta ɗauki wannan a bakin komai ba saboda ba irin salon da take nema ba ne.

A ganina al'adarmu ta riga ta tanadi mafita ga alkunyar da ka ambata, wato wasan jika da kaka. Yaron da ba zai ɗaga ido ya kalli mahaifinsa ba, shi ne zai tsokani kakarsa, ya musa mata, ya mayar mata da magana, ita kuma ta biye masa. Saboda haka abin da Malama Ƙofar Doka ta gani ba abin mamaki ba ne. Damuwata ita ce gidajen haya na Sabon Gari da Samaru da Hanwa, inda aka rabu da kakanni amma ba a rabu da alkunyar ba.

Bazazzagi Na Asali
Ina roƙon malamai abu ɗaya. Idan yaro yana ba da labari ya ce "mota ne ya zo", kada a katse shi a ce "mota ce ta zo". Wannan Zazzaganci ne, haka ya ji a gida, ba rashin iya magana ba ne. A koya masa daidaitacciyar Hausa a darasin rubutu, a bar shi ya kai ƙarshen labarinsa. Na ga yaron da aka yi wa irin wannan gyara a gaban aji, 'yan'uwansa suka yi dariya, bai sake ɗaga hannu ba har zangon ya ƙare.

Mai Tsohon Littafi, Tukur-Tukur
Ga masu cewa ba su da kaka a kusa, tatsuniyoyin ba su ɓace ba. Frank Edgar ya buga tarin tatsuniyoyin Hausa juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, daga rubuce-rubucen ajami na malamai, Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya tsara jerin littattafan tatsuniyoyi da wasanni domin 'yan makaranta a farkon shekarun 1970. Mu mutanen Zariya ba mu da uzuri, tun da a nan aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, kuma a nan aka buga ɗimbin littattafan Hausa da iyayenmu suka karanta. Uwa ta karanta da rana, ta ajiye littafin, ta ba da shi da ka da dare.

Ɗalibin Harshe, Kongo
Baba, shawararka ta ajiye littafin tana da madogara. A 2004 Rebecca Isbell da abokan aikinta sun kwatanta ƙananan yaran da aka ba labari da ka da waɗanda aka karanta wa labaran daga littafi. Duka rukunan biyu sun ci gaba, amma waɗanda aka ba da ka sun fi nuna fahimtar labarin idan aka ce su maimaita shi, waɗanda aka karanta wa kuma sun fi samun ci gaba a sarƙaƙiyar jimla. Kowanne da amfaninsa ke nan. Abin lura kuma shi ne tarin Edgar maza ne suka rubuta shi, alhali tatsuniya a bakin mata take rayuwa, kuma takarda ba ta ɗaukar karin waƙar, ko tsamin bakin Gizo da mai ba da labari yake kwaikwaya yara su yi ta dariya saboda sun san yadda ya kamata a furta kalmar.

Malam Jushi
Duk na ji, amma ni ajina ya cika maƙil, wasu a ƙasa suke zaune, kuma darasi minti 35 ne. Ta yaya kowane yaro zai samu damar ba da labari? A gaya mana abin da zai yiwu a makarantar gwamnati.

Hajiya Kwarbai
Malam Jushi, ɗana, ba sai kowa ya yi a rana ɗaya ba. Wata malama a Chicago mai suna Vivian Paley ta shahara da wata hanya mai sauƙi: yaro ya faɗi labarinsa, malami ya rubuta shi yadda ya faɗa ba gyara, sannan a karanta wa aji, 'yan'uwansa su fito su kwaikwayi abin da ke ciki. Yaro biyu a rana sun isa. Sauran kuma ka haɗa su uku-uku, ɗaya ya ba da labari, biyu su yi masa tambaya. Ajin zai yi hayaniya, sai ka sanar da shugaban makaranta tun da wuri don kada a ɗauka wasa ake yi.

Ma'aikaciyar Jinya, Shika
Ina so in ja hankali kan wani abu da ba a ambata ba. Ba kowane yaro mai ƙarancin magana ba ne rashin hira ke damunsa. Ciwon kunne mai zubar da ruwa, da sanƙarau, da ƙyanda, duk suna iya rage ji, kuma yaron da ba ya ji sosai ba zai iya bin labari ba ko da kullum ake yi masa. Idan yaro ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ko ba ya waiwayowa sai an ɗaga murya, a kai shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro a duba shi.

Malama Ƙofar Doka
Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada abin da Hajiya ta faɗa a 'yan kwanakin nan. Wata yarinya ta fara da cewa: "Sai Gizo ya je gona, sai ya ga kura, sai ya gaya mata, sai ta bi shi, sai ya shiga rami." Na rubuta a allo yadda ta faɗa. Da aka zo kwaikwayo, yaron da ya fito a matsayin kura ya tsaya ya ce shi bai san abin da Gizo ya gaya masa ba, don haka bai san dalilin da zai bi shi ba. Yarinyar ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce: "Ya ce mata akwai nama a gidansa, ashe ya riga ya cinye tun kafin ya fito." Ban sa mata baki ba ko kaɗan. Abin da ya rage mini shi ne yara biyu da suka ƙi buɗe baki ko a cikin rukunin uku-uku, kuma zan fara da shawarar 'yar'uwa Ma'aikaciyar Jinya in yi magana da iyayensu.

Abu Sumayya, Gyallesu
Malama, misalin da kika kawo ya ƙara mini ƙarfi a kan matsayina, domin abin da yarinyar ta ƙaga yaudara ce. Na yarda da Malamin Zaure cewa ba ƙage ta yi wa kowa ba, kuma na yarda tambayar yaron ce ta fito da jimlar. Amma gwajin Kanada da Dakta ya kawo a kan labarin abin da ya faru da yaro a zahiri aka yi shi, ba a kan almara ba. Me zai hana ki sa su ba da labarin zuwansu kasuwar Tudun Wada ko ranar saukar yayansu, a kwaikwaya kamar yadda aka yi wannan?

Baban Zahra, Tudun Wada
Wannan abu ne da za a iya gwadawa a nan gida maimakon mu yi ta dogaro da Kanada. Ɗalibin Harshe, kai da kake jami'a, idan Malama da Malam Jushi suka amince, kuma hukumar makaranta da iyayen yara suka ba da izini, za ka iya naɗar muryoyin yaran a farkon zango da ƙarshensa, aji ɗaya da tatsuniya, ɗaya da labarin abin da ya faru da su? Sai dai a tabbatar an rubuta wane yaro ne ke zaune da kaka da wanda ba ya zaune da ita, in ba haka ba tambayata ta farko za ta sake dawowa.